Tambayoyi da amsoshi kan John Jacob Niles, littattafansa na karol da faya-fayansa

Duk shekara da zarar mawaƙan coci sun fara shirin daren karol, wato waƙoƙin Kirsimeti, sai tambayoyi iri ɗaya su dinga dawowa kan wannan bawan Allah. Wani ya sauko da takardar waƙa daga intanet ya ga sunansa a sama, wani a tasa takardar an rubuta wai waƙar gargajiya ce ba mai ita, wani kuma ya ji muryarsa a YouTube ya kasa gane namiji ne ko mace. Ga su nan na haɗa wuri ɗaya, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Wai wanene John Jacob Niles ɗin nan?

Ba'amurke ne ɗan jihar Kentucky, an haife shi a birnin Louisville ranar 28 ga Afrilu 1892, ya rasu ranar 1 ga Maris 1980 a gonarsa da ya sa wa suna Boot Hill kusa da Lexington. Mawaƙi ne, mai tattara waƙoƙin gargajiya ne, kuma mai tsara waƙa ne da kansa, abu ukun nan da ya haɗa su ne tushen duk wata gardama da za ka ji a kansa. A gida ya fara koyon karatun kiɗa wajen mahaifiyarsa. Daga 1910 zuwa 1917 ya yi aiki da kamfanin Burroughs masu injin lissafi, aikin ne ya dinga kai shi ƙauyukan gabashin Kentucky cikin tsaunukan Appalachia, inda ya riƙa rubuta waƙoƙin da yake ji a bakin mutane cikin ɗan littafinsa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shi Faransa a rundunar jiragen sama, ya yi hatsarin jirgi ya ji rauni, bayan yaƙi ya tsaya can ya yi karatun kiɗa a Lyon da Paris, ya dawo ya ƙara a Cincinnati. To ka ga ba ɗan ƙauyen da ya gaji waƙa wajen kaka ba ne, mutum ne mai ilimin kiɗa na makaranta da ya kamu da son waƙar mutanen kan dutse. Ka riƙe wannan, zai taimake ka a tambaya ta uku.

Yaya aka yi waƙar I Wonder as I Wander ta samu?

Ita ce wadda aka fi saninsa da ita, kuma labarinta daga bakinsa da littafin rubutunsa aka samo shi. A watan Yuli 1933 yana garin Murphy a jihar North Carolina, a lokacin yana rakiyar wata mai ɗaukar hoto Doris Ulmann a tafiye-tafiyenta cikin tsaunuka. Akwai wasu iyali masu yawon wa'azi da suka yada zango a dandalin garin, 'yan sanda na shirin korarsu, sai suka yi taro na ƙarshe don su samu kuɗin man mota. A nan wata yarinya 'yar gidan, Annie Morgan, ta fito cikin tsummokara ta rera ɗan guntun waƙa. Niles ya sa ta maimaita sau da yawa, kowane maimaici yana ba ta santi 25, amma duk abin da ya iya samu layi uku ne kacal da ɓurɓushin kari.

Da wannan ɗan abin ya koma ya gina waƙa mai baiti uku, ya gama ta a Oktoba na shekarar, ya fara rera ta a bainar jama'a a Disamba 1933 a makarantar John C. Campbell da ke Brasstown, aka buga ta a 1934 cikin littafinsa Songs of the Hill-Folk. Abin da waƙar ke cewa a taƙaice shi ne, mutum yana yawo a ƙarƙashin sarari yana ta mamakin yadda Yesu Mai Ceto ya zo ya mutu saboda talakawa irinmu, sai ta koma kan haihuwarsa a wurin dabbobi, sai kuma cewa da ya so komai da ya samu tunda shi Sarki ne. Ni abin da ke taɓa ni game da ita, karol ce ta haihuwa amma da gicciye ta fara, kuma karin yakan tsaya kamar tambayar da ba a gama amsawa ba.

To shi ya ƙirƙiri waƙoƙin ko tsinto su ya yi?

Duka biyun, kuma sau da yawa a cikin waƙa ɗaya. Nan ne mutane ke rikicewa. A shekarun 1920 da 1930 masu zuwa sauraro a manyan birane sun fi son a ce musu wannan tsohuwar waƙa ce da aka ɗauko daga bakin wata tsohuwa a kan dutse, ta fi shiga fiye da a ce wani saurayi ne ya tsara ta jiya. Shi kuma Niles da farko bai cika bambancewa ba, ya bar wasu waƙoƙin da shi ya yi mafi yawan aikinsu suna yawo da sunan na gargajiya. Da suka yi farin jini manyan mawaƙa suka dinga ɗauka ba tare da ambaton sunansa ba, sai ya dawo yana cewa nawa ne, har da zuwa kotu da neman a biya shi haƙƙinsa. Masana waƙar gargajiya da yawa ba su yafe masa wannan ba, suka daina yarda da abin da ya ce ya tattaro sai sun bincika.

Misali biyu da shi kansa ya bayyana. Black Is the Color of My True Love's Hair kalmominta tsofaffi ne, Baturen Ingila Cecil Sharp ma ya rubuta wani nau'inta a North Carolina tun kafin 1920, amma karin da duniya ta sani yau, wanda Nina Simone da Joan Baez suka rera, Niles ne ya tsara shi saboda mahaifinsa ba ya son tsohon karin. Go 'Way From My Window kuma ya ce yana ɗan shekara 16 ya gina ta kan ɗan guntun da ya ji wani baƙar fata mai haƙa rami yana rerawa. Kamar dai mawaƙin namu ne ya ji mata na wani amshi a wajen daka, ya tafi da shi ya ɗora masa baitoci har ya zama cikakkiyar waƙa. Amshin na matan ne, ginin nasa ne.

Ra'ayina dai a nan, kuskure ne a kira shi maƙaryaci a wuce, kuskure ne kuma a ɗauki duk abin da ke littattafansa a matsayin tsantsar gado. Mai tsara waƙa ne na gaske da ya daɗe yana ɓoye a bayan rigar mai tattarawa, kuma adalci shi ne a ba shi nasa a ba Annie Morgan da sauran mutanen tsaunin nasu, don su ba su samu komai ba bayan 'yan kuɗin da aka miƙa musu a lokacin. In kana rubuta takardar tsarin daren karol, ka sa sunansa, in akwai wuri ka ƙara cewa daga guntun waƙar Appalachia.

Waɗanne littattafai ya buga, kuma da wanne zan fara?

Na farko-farkon ba na ibada ba ne sam. Singing Soldiers na 1927 waƙoƙin sojoji baƙaƙen fata ne da ya rubuta a fagen yaƙi, sai Songs My Mother Never Taught Me na 1929 shi ma na sojoji. Waɗanda suka shafe mu su ne ƙananan littattafan da kamfanin G. Schirmer na New York ya fitar masa a jere, Songs of the Hill-Folk a 1934, Ten Christmas Carols from the Southern Appalachian Mountains a 1935, More Songs of the Hill-Folk a 1936, sai wani na 1937 da ya haɗa waƙoƙin labari da karol. Sirara ne, waƙa goma ko sha biyu, an rubuta su don murya ɗaya da fiyano. Daga baya ya yi wasu na koyarwa don makarantu, akwai na karol a 1948.

Babban aikinsa shi ne The Ballad Book of John Jacob Niles na 1961, waƙoƙi sama da 100 na labari waɗanda asalinsu Ingila da Sukotland ne, ya jera su bisa tsarin Farfesa Francis James Child na Harvard, wanda ya lissafa irin waɗannan waƙoƙi 305 a ƙarni na 19. Littafin na da daɗin karatu saboda yana ba da labarin gidan da ya shiga da wanda ya rera masa, amma ka karanta shi da abin da muka faɗa a tambayar da ta gabata a zuciyarka. In Kirsimeti ne damuwarka fara da na 1935 da na 1934, sun ishe ka.

Labaran da ke cikin karol ɗin duk daga Littafi Mai Tsarki suke?

A'a, kuma wannan ya kamata shugaban mawaƙa ya duba kafin ya kai waƙa gaban ikilisiya. Wasu ba matsala, Jesus, Jesus, Rest Your Head waƙar reno ce ga jariri Yesu a komin dabbobi, ba ta kauce daga Luka sura 2 ba. Lulle Lullay 'yar uwar tsohuwar Coventry Carol ce ta Ingila ta ƙarni na 16, makokin iyaye mata ne kan yaran da Hirudus ya sa aka kashe a Baitalami, yana nan a Matiyu sura 2. The Seven Joys of Mary tana lissafa farin cikin Maryamu game da ɗanta, tushenta tsohuwar ibadar Katolika ce, wasu coci za su karɓa hannu bibbiyu wasu za su so fasto ya fara gani.

Wadda ta fi jawo tambaya ita ce karol ɗin bishiyar ceri (wani ɗan itace na ƙasashen Turai), lamba 54 a lissafin Child. A cikinta Maryamu na da ciki ta roƙi Yusufu ya tsinko mata 'ya'yan itace, ya ƙi cikin fushi, sai jaririn ya yi magana daga ciki bishiyar ta sunkuyo. Wannan ba ya cikin Linjila huɗu, daga wani tsohon littafi ne da ba a sa shi cikin Littafi Mai Tsarki ba, wanda ake jingina wa Matiyu, a can kuma bishiyar dabino ce, a hanyar gudu zuwa Masar abin ya faru. Da labarin ya isa Ingila sai dabino ya koma ceri. 'Yan uwa Musulmi za su tuna Suratu Maryam inda aka ambaci Maryam da kututturen dabino lokacin naƙuda, ba labari ɗaya ba ne amma dabinon na nan a duka biyun. Wani abin kuma, nau'o'in Appalachia sukan ce farkon Janairu aka haifi Yesu, saboda mutanen tsaunin sun daɗe suna riƙe da tsohuwar Kirsimeti ta 6 ga Janairu tun bayan da Ingila ta canja kalanda a 1752.

Waƙoƙin sujada na yau da kullum fa, ya yi littafinsu?

Bai yi littafin waƙoƙin coci irin wanda ake rabawa a kan benci ba. Abin da ya yi a wannan ɓangaren shi ne The Shape-Note Study Book na 1950, kan wata hanyar rubuta waƙa da ta yi ƙarfi a cocin ƙauyukan kudancin Amurka. Mu da muka saba da solfa ba za ta yi mana wuya ba, bambancin kawai su maimakon haruffa siffofi suke amfani da su, mai kusurwa uku fa ne, mai da'ira sol, mai kusurwa huɗu la, mai siffar lu'ulu'u mi, mutum ko bai je makarantar kiɗa ba yana ganin siffa ya san sautin. Shahararrun littattafan wannan tsari su ne Southern Harmony na William Walker na 1835 da The Sacred Harp na 1844, kuma a garin Benton na jiharsa Kentucky ana taron rera Southern Harmony tun 1884. Ba kayan kiɗa, murya ce zalla da ƙarfinta.

Na saurari faifansa, anya muryar namiji ce kuwa?

Tasa ce. Yana hawa sama da siririyar murya har ya wuce inda maza ke tsayawa, ya ja kalma, ya yi kamar zai yi kuka, wani lokaci ya yi raɗa wani lokaci ya yi ƙara. Mutanen tsaunin da ya koyi waƙa wajensu ba haka suke yi ba, su a miƙe suke rerawa ba nuna motsin rai sosai, wannan salon nasa ne na dandamali, ka ga ma nan ilimin makarantar nan da muka ambata a tambayar farko ya fito. Wasu ba sa iya jure ta, wasu kuma tsikar jikinsu ke tashi. Shahararren mawaƙin Amurka Bob Dylan na cikin waɗanda muryar ta kama, ya yi maganarsa a littafin tarihin rayuwarsa na 2004, kuma a fim ɗin da Martin Scorsese ya yi kan Dylan a 2005 an nuno Niles yana rera Go 'Way From My Window. Shawarata kar ka yanke hukunci da ji ɗaya, kuma kar mai rera solo ɗinku ya ce sai ya kwaikwaye shi, waƙoƙin na tsayawa da ƙafarsu a murya ta yau da kullum.

Wane abin kiɗa ne yake rungumewa a hotuna?

Dulcimer ne, abin kiɗan tsaunukan Appalachia. Na asali siriri ne, tsirkiya uku ko huɗu, a kan cinya ake kwantar da shi. Nasa kuwa shi yake ƙera su da hannunsa, manya-manya, wasu da jikin babban gogen Turawa da ake kira cello, da tsirkiyoyi fiye da na asali, don su ba da amo mai kauri a ƙarƙashin siririyar muryar. Gwanin sassaƙa ne dama, shi ya sassaƙa ƙofofin cocin St. Hubert da ke kusa da gonarsa, a maƙabartar cocin aka binne shi.

Waɗanne faya-fayai ya yi, ina zan same su?

Ya fara ɗauka da kamfanin RCA Victor a 1938, faya-fayan garmaho a ƙarƙashin tambarin Red Seal wanda manyan mawaƙan kiɗan Turai kawai aka saba sa wa, akwai kundi na waƙoƙin labari akwai na karol. A farkon shekarun 1950 shi da matarsa Rena suka buɗe ɗan kamfaninsu a gida mai suna Boone-Tolliver, suna ɗauka a gonar suna aikawa ta gidan waya, an sake fitar da waɗannan a 2012 kuma a kunnena suna cikin mafi kyau don ba ado, shi ne da dulcimer ɗinsa kawai. Sai kamfanin Tradition da ya fitar masa kundi mai sunan I Wonder as I Wander a ƙarshen shekarun 1950, karol da waƙoƙin soyayya a haɗe, wanda in karol kake nema nan za ka fara. Ya rera a bikin waƙar gargajiya na Newport na farko a 1959. Akwai kuma kundin Folkways na 1964 wanda yanzu yake hannun Smithsonian Folkways, su ba sa barin abin da ke hannunsu ya ɓace daga kasuwa.

Yawancinsu suna YouTube da Spotify yanzu. Ka dai lura, waƙa ɗaya ya ɗauke ta fiye da sau ɗaya a shekaru daban-daban, muryar 1938 da ta shekarun da suka biyo baya ba ɗaya ba ce.

Me ya sa I Wonder as I Wander da muka ji wata ƙungiya ta rera ta bambanta da takardarmu?

Dalili biyu ne. Na farko masu tsara kiɗa da yawa sun ɗauki karin Niles sun yi masa muryoyi huɗu, na John Rutter ɗan Ingila na cikin waɗanda suka fi yawo, kari ɗaya ne amma rakiyar ta bambanta. Luciano Berio ɗan Italiya ma ya sa ta tare da Black Is the Color cikin wani aikinsa na 1964. Na biyu kuma, Carl Rütti ɗan Suwizalan ya ɗauki kalmomin kawai ya yi musu sabon kari mai sauri tare da ogan, mawaƙan King's College na Cambridge sun rera shi a shirinsu na jajiberin Kirsimeti da BBC ke yaɗawa. To in ka ji mai sauri mai tsalle-tsalle ta Rütti ce, in ka ji mai tafiya a hankali mai ɗan baƙin ciki ta Niles ce. Ta Joan Baez ta 1966 da ta Barbra Streisand ta 1967 duk karin Niles ne.

Za mu iya fassara ta zuwa Hausa mu ɗauka mu ɗora a intanet?

A nan ne amsar tambaya ta uku ke da amfani, tunda waƙar na da mai ita tana da haƙƙin mallaka. G. Schirmer ne ke riƙe da shi, kamfanin yanzu yana ƙarƙashin Wise Music Group. A dokar Amurka abin da aka buga a 1934 aka sabunta rajistarsa yana ɗaukar shekara 95, wato sai 1 ga Janairu 2030 zai zama na kowa. Dokar Najeriya kuma da shekara 70 bayan mutuwar mai aikin take lissafi, shi kuwa 1980 ya rasu. Kuma tsarin muryoyi huɗu na wani kamar Rutter yana da nasa haƙƙin daban. Saboda haka in za ku buga a littafi, ko ku fitar da album, ko ku ɗora fassara a tashar da ke kawo kuɗi, ku rubuta wa kamfanin tukuna, in ba haka ba kar ku yi mamaki in YouTube ya sa wa bidiyon alama.

Kan fassarar ita kanta, kar a bi kalma da kalma. Karin yana tafiya ne a uku-uku yana lilo, kuma yana da wuraren da ake jan numfashi a ƙarshen baiti, in gaɓa mai gajeren wasali ta faɗa wajen sai kalmar ta lalace a kunne. Gara a fahimci tunanin kowane baiti a sake faɗinsa da Hausar da za ta zauna a kan karin, a gwada rerawa da baki kafin a rubuta.

Ban da Kirsimeti da waƙoƙin tsauni, akwai wani aikin addini da ya yi?

Akwai, a ƙarshen rayuwarsa, kuma mutane kaɗan suka san shi. Yana da shekara sama da 70 ya haɗu da Thomas Merton, marubuci kuma ɗan zuhudu Katolika da ke zaune a gidan ibada na Gethsemani a nan Kentucky. Niles ya ɗauki waƙoƙin Merton 22 ya yi musu kari don murya da fiyano tsakanin 1967 da 1970. Merton ya zo Boot Hill ya ji na farko-farkon, amma ya rasu a Thailand a Disamba 1968 kafin a gama sauran. Waɗannan ba na gargajiya ba ne ko kaɗan kuma ba wanda ya taɓa jayayya kan wa ya tsara su, suna da wuya, sai mai rera solo da ya samu horo.

In ina son zurfafa bincike ina zan dosa?

Jami'ar Kentucky da ke Lexington ce ke ajiye da takardunsa, da littattafan da ya riƙa rubutu a ciki lokacin yawo, da wasu daga dulcimer ɗin da ya ƙera, kuma akwai cibiyar nazarin kiɗan Amurka mai ɗauke da sunansa a can. Ron Pen, malamin kiɗa da ya daɗe yana shugabantar cibiyar, ya fitar da tarihin rayuwarsa a 2010 bayan ya bi waɗannan takardu, shi ne littafin da zai fi taimaka maka wajen rarrabe abin da Niles ya ji da kunnensa da abin da ya ƙara da alƙalaminsa. Ga masu sha'awar karol kawai, The New Oxford Book of Carols na 1992 ya ɗauko wasu daga nasa tare da bayanin asalin kowacce, ka karanta bayanan kafin ka koya wa mawaƙanka.